Yadda Za Ka Taɓa Kowace Sana'a Ba Tare da Ka Yi Gumi Ba

Ka gaji da ana ce maka malalaci a Filinge? Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin damina ta fita za a daina kiran ka haka. Za a samo maka wani sunan. Ɗalibina Zaidu ya bi su ɗaya bayan ɗaya lokacin da yake neman auren Mas'uda, ɗiyar Malam Na'Allah, don haka da shi zan riƙa ba ka misali.

1. Samo kalmar

Zaidu ya yi ci-rani a Kumasi, ya dawo da tabarau da kalmar Ingilishi guda: dabble. Asalinta tsoma hannu ko ƙafa cikin ruwa ana wasa, irin na agwagwa a bakin tafki. Daga nan aka ara wa mutumin da ke shiga abu sama-sama, yau yana ciki, gobe ka neme shi. Ka ga amfaninta? A nan Faransanci aka karanta a lakwal, wato makarantar boko, ba mai ƙure ka. In ka ce kana taɓa-taɓa, a yi maka dariya. In ka ce kana dabble, a ɗauka aikin ONG ne, irin ƙungiyoyin agajin nan.

2. Kar ka yarda a same ka wuri ɗaya

Ranar kasuwar Baleyara ka tsaya kusa da dillalai, ka latsa bayan rago, ka girgiza kai. Kar ka saya. Washegari ka buɗe wayar wani, ka hura ciki, ka rufe. Zaidu ya gyara wa Mas'uda tata haka, tun ranar wayar ba ta sake yin ƙara ba. Masu hikima sun san mai sana'a ɗaya shi ake tambaya ina aikin da aka ba shi.

3. Gaban suruki

Durƙusa sosai. Da Malam Na'Allah ya tambayi Zaidu mi yake yi, sai ya lissafa kiwo, kasuwanci, lantarki da noma, ya ce duk yana dabble a cikinsu. Tsoho ya ce madalla, tun da har da noma, ga gayya nan tafe a gonarsa ta hanyar Bonkuku, ya taho da abokansa.

A nan ne ya kamata ka kamu da masassara. Zaidu bai kamu ba.

4. Ranar gayya

Sa farar riga. Karɓi hauya mafi sabon ƙota, a ɗauke ka hoto, ka nemi inda aka ajiye fura. In dole ta kama, zaɓi layin gefe. Sai dai ka sani akwai shibra, wadda ke tsirowa cikin hatsi, kamarsu ɗaya ga wanda bai taɓa tsayawa gona ba. Zaidu ya ga wasu tsirrai sun fi ƙarfi da kyau, ya bar su, ya share na kusa da su tas. Shibrar ya bari. Hatsin da surukinsa ya shuka da irin da ya ɓoye tun bara, shi ya kwanta a rana.

Malam Na'Allah ya bi layin har ƙarshe, sannan ya juyo.

"Ɗana, wanga aikin shi ne sunan nan naka na Kumasi?"

"Shi ne, Baba."

"To, Allah shi ƙara sani."

5. Karɓi sakamako da fara'a

Da la'asar Zaidu ya je zance. Mas'uda ta fito, ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta sa ƙawarta Latifa ta duba mata ma'anar kalmar a wayarta. Sannan ta miƙa masa tata wayar da ya gyara.

"Riƙe ta, in na canza shawara zan kira ka a kanta. Ni ma ashe dabble na yi da kai."

Gargaɗi

Ba ruwana da hatsin da za ka kashe, ko auren da zai watse, ko sunan da 'yan Filinge za su laƙaba maka. Zaidu dai yanzu Shibra ake ce masa, kuma na cika alkawari, ba mai ce masa malalaci. Mai ƙorafi kar ya neme ni. Ni ma taɓa ba da shawarar nan na yi, na riga na koma wata sana'ar.