Masu Jego a Silin Kaka

"Lafiya lau, in ban da ɗakina da ya zama rafi. Ina gudumar?"

Kaka ce ke amsa gaisuwar jikanta kafinta, wanda take kira Maigida tun yana rarrafe. Rufin ɗakinta na yoyo daidai kan gado, hadari na haɗuwa, ga shi ya shigo hannu rabbana, ba tsani ba kwanon rufi.

"Uwargida, aikin nan ba zai yiwu ba. Jemagun da ke silinki, doka ta hana a taɓa su."

"Wace dokar? Mutanen nan masu manyan takalma da suka leƙa silin, ba feshi za su yi min ba?"

"Ma'aikatan gandun daji ne. Sun ce irin waɗannan sun kusa ƙarewa a duniya."

"Ƙarewa? To a ɗakina aka tara ragowar! Ni da na yi ta sa musu albarka, na zaci ni suka zo ceta."

"Ai irinki ba ta ƙarewa. Tsofaffi masu mita sun yi yawa, shi ya sa ba a yi muku doka ba."

"Ji ɗan nema, da kai kamar murfin tukunya! Wato in na kori ɓera ba laifi, in ɓeran ya yi fiffike sai kotu?"

Kanta ya ɗaure tamau. Tsoro ma take ji, don ƙirjinta ba ya son damshi, kuma tun rasuwar mijinta ba ta taɓa kwana a wani ɗaki ba.

"To sai yaushe?"

"Sai 'ya'yan sun yi ƙwari. Yanzu shayarwa suke yi."

"Shayarwa? Ba ƙwai suke yi ba?"

"Haihuwa suke, ɗa ɗaya tal a shekara. In na ɓamɓare kwanon, iyayen su watse, jariran su faɗo."

Kaka ta ɗaga kai ta kalli silin. Ungozoma ce a da, rabin layin nan a hannunta aka haife su.

"Sakarai! Shi ne ka tsaya kana min zancen doka, ba ka ce masu jego gare ni ba?" Ta fashe da dariya. "Kama gadon nan mu kai ɗakinka, kai ka dawo nan ka sha yoyo."

"Ni kuma wace doka ke kare ni?"

"Ka haihu tukuna. Ɗaga a hankali, kar ka tashe su."