Yadda Za Ka Yabi Fim Ɗin Surukinka Ba Tare da Ka Kalla Ba

Kai mai neman aure, matso kusa. Idan Allah ya haɗa ka da yarinyar da ubanta ya taɓa shirya fim, kuma fim ɗin bai karɓu ba, to ka zo inda za a share maka hawaye. Matakan nan bakwai an gwada su, an ga aikinsu. Ni Nagoda da su na auri babbar 'yar Malam Kailani na Tudun Wada, yau shekara tara da 'ya'ya uku, kuma har gobe ban san yadda fim ɗinsa ya ƙare ba. Ka bi su daki-daki, na yi maka alkawari za a sa maka rana. Mutum ɗaya ne tak ya bi su abin ya kwaɓe masa, wato Mika'ilu mai gyaran janareta a Kwangila, kuma da shi zan riƙa buga maka misali don ka ga inda ake zamewa.

Mataki na 1: Ka san abin da ke gabanka

Malam Kailani tsohon malamin firamare ne. Shekara ashirin da biyar da suka wuce, lokacin da kowa ke shirya fim ɗin soyayya ana zagaya bishiya da waƙa, shi sai ya sayar da babur ɗinsa, ya ɗauko mai kyamara, ya shirya fim a kan matan da ke jiran ruwa a famfon unguwa. Sunan fim ɗin Layin Famfo. Awa uku ne cur, babu waƙa, babu rawa, ba a mari kowa ba. 'Yan wasansa uku ne kacal, sauran duk matan unguwa ne da ya tarar a wurin, kowace ta ajiye bokitinta tun asuba yana riƙe mata layi. 'Yan kasuwar kaset sun kalli minti goma, suka juyo suka ce, "Malam, yaushe za a fara fim ɗin?"

Abin ya tsaya masa a rai har yau. Ya sa aka juye fim ɗin a faifai, ya kafa doka a gidansa: duk mai neman 'yarsa za a ba shi faifan a cikin jakar atamfa, ya je ya kalla, ya dawo ranar Asabar da hantsi a tattauna.

Mika'ilu autar gidan yake so, Rauda. Asalinsa ɗan Tudun Wada ne, amma mahaifiyarsa ta rasu yana shekara uku, kawunsa ya ɗauke shi ya riƙe a Kwangila. Tun ranar farko Rauda ta ja masa kunne.

"Baba ya sallami mutum biyu a kan fim ɗin nan," in ji ta. "Ɗaya ya ce da an sa waƙa, ɗaya kuma ya yi minshari a gabansa. Don Allah ka kalla."

Ya ce, "An gama, ranki ya daɗe."

Mataki na 2: Ka karɓi faifan da hannu biyu

Ka durƙusa. Ka karɓa kamar an miƙo maka jariri ranar suna. Ka tambaya ko rana tana ɓata shi, tsofaffi suna jin daɗin irin wannan tambaya.

A nan Mika'ilu bai yi kuskure ba. Malam ya riƙe jakar bai saki da wuri ba, ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kai musamman, ka kalle shi a natse." Ni dai ban tuna an ce mini "musamman" a lokacina ba, amma ban kawo komai a raina ba.

Mataki na 3: Kada ka kalla

Wannan shi ne ginshiƙin karatun. Binciken da na yi ya nuna cewa wanda ya kalli abu shi ne bakinsa ke nauyi, don yana tsoron faɗin abin da bai gani ba. Wanda bai kalla ba kuwa bakinsa a sake yake, duk inda hira ta nufa zai bi.

Gaskiya Mika'ilu ya yi niyyar kallo. Ba shi da na'urar faifai, wa ke da ita yanzu? Sai ya zo wurina ya ce, "Yaya Nagoda, ka ara mini taka." Na zaunar da shi, na ba shi ruwa, na yi masa lissafin janaretocin da mutum zai gyara a awa uku, ga lokacin bukukuwa ya kama, kowa na neman wuta. Na nuna masa 'ya'yana uku suna wasa a tsakar gida, na ce duk waɗannan ba da kallo aka same su ba. Ya yi dariya, ya koma shago ya ɗora jakar a kan kanta kusa da galan ɗin baƙin mai. A nan ta kwana shida.

Mataki na 4: Ka haddace jumla uku

Ta farko: "Baba, fim ɗin nan ya riga zamaninsa."

Ta biyu: "Mu dai ba mu san darajar abin gida ba. Da wani wuri aka yi shi, da tuni ana karantar da shi a jami'a."

Ta uku, wadda za ka ajiye sai hira ta yi tsami: "Shirun da ke cikinsa ya fi maganar yawa."

Tsakanin kowace jumla ka girgiza kai, ka dubi silin, ka yi ajiyar zuciya. Kada ka ambaci sunan kowa, kada ka ambaci launin komai. In aka matsa maka, ka ce "bokitan nan" ka yi shiru, don bokiti dai tabbas akwai shi.

Ranar Asabar Mika'ilu ya zo cikin shadda ruwan toka, na rako shi a matsayin babban suruki. Aka shimfiɗa mana darduma a falo. Hajiya Sakinatu, matar Malam, tana bayan labule tana haɗa fura, Rauda kuwa muna jin motsinta a tsakar gida tana share wurin da ta riga ta share. Mika'ilu ya sako jumla ta farko da ta biyu, ya dubi silin daidai inda na koya masa. Sai na ji wani alfahari ya kama ni.

Mataki na 5: Ka kushe abu ɗaya ƙarami

Yabo zalla yana jawo zargi. Ka nemi wani ɗan abu ka kushe don a ce kai mai gaskiya ne. Ka kushe 'yan kasuwa, ko iskar da ke shiga lasifika, ko zafin ranar da aka yi ɗauka. Abin da ba shi da dangi za ka kushe.

Mika'ilu ya ga abin na tafiya, sai kansa ya fara hayaƙi. Ya ɗauki kwalin faifan, ya ga hoton wata mata ta riƙe ƙugu, baki buɗe, ƙafarta ɗaya a kan bokiti.

"Sai dai, Baba," in ji shi, "matar nan ta kan kwali ta cika masifa. Ko a hoto ma sai da gabana ya faɗi."

Daga bayan labule muka ji ludayi ya faɗi a cikin ƙwarya. Sharar Rauda ta tsaya cak. Na manta ban gaya masa ba, kuma na yarda wannan laifina ne: matar kan kwali Hajiya Sakinatu ce.

Mataki na 6: In an ritsa ka, ka ɗora wa wuta laifi

Malam bai yi fushi ba. Har ya murmusa ya ce, "Wannan kam ka faɗi gaskiya," daga bayan labule aka yi gyaran murya. Sai ya cire murmushin ya ajiye.

"Wajen minti na arba'in, me ka gani?"

"Bokitan nan, Baba."

"Bokitai kawai?"

"Da ruwa yana zuba."

"Babu ɗigon ruwa a fim ɗin sai ƙarshe."

A irin wannan hali, kai ɗalibina, ka ce an ɗauke wuta kana tsakiyar kallo. Wannan uzuri ya ceci maza da yawa a garin nan. Mika'ilu ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tuna sana'arsa. Mutumin da janareta sama da goma ke jere a shagonsa ba zai ce ya rasa wuta ba. Ya yi tsuru-tsuru, gumi ya jiƙa wuyan shaddar, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ban kalla ba. Ka yafe mini."

"Tun da ka yi sallama na sani," in ji Malam. "Da ka kalla, ba da wannan fuskar za ka shigo mini ba."

Ya miƙa hannu ya karɓi jakarsa, ya share baƙin man da ya ɓata gefenta da babban yatsa. Ban taɓa ganin tsohon nan ya ba ni tausayi kamar ranar ba. Ya ce Mika'ilu ya tashi ya tafi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Muka ji tsintsiya ta faɗi a tsakar gida.

Sai Hajiya ta ɗaga labule, abin da ba ta taɓa yi a gaban suruki ba.

"Ba inda za shi, Malam. Ya ce na cika masifa, to sai ya zauna ya gani da idonsa. A kunna."

Aka jona na'ura. Ana dannawa aka ɗauke wuta, na ce a raina Allah ya kawo agaji. Mika'ilu kuwa, maimakon ya gode wa Allah ya sulale, sai ya naɗe hannun shadda ya fita, ya tayar da janaretan Malam wanda ya shekara biyu bai yi tari ba.

Mataki na 7: Ko me za ka gani, kada ka ce a mayar baya

Idan kallo ya zama dole, ka zauna, ka buɗe ido, ka tura hankalinka kasuwa. Ni na ƙware a wannan.

Minti ashirin na farko bokitai ne a jere, rana tana hawa kansu. Daga nan mata suka fara fitowa. Wata tana gaisawa da maƙwabciya, tana tambayar lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, ƙafarta kuwa tana tura bokitinta gaba a hankali. Wata tsohuwa ta ajiye dutse ta rantse bokiti ne. Hajiya Sakinatu ta bayyana da ƙuruciyarta ta kama mai tura bokitin, kuma wallahi Mika'ilu bai yi ƙarya ba. Na juya na ga yaron yana dariya ta gaske, har da dafa gwiwa. Na zungure shi, bai ko kula ni ba.

Wajen minti na arba'in kyamara ta tsaya a kan wata matashiya mai koren bokiti, da goyo a bayanta. Yaron ya miƙo hannu ya fizge mata ɗankwali. Ta cafke shi kafin ya kai ƙasa, ta juyo ta dubi kyamara tana dariya, ta ce, "Haba Malam, kada ka ɗauke ni haka, bari in ɗaura." Ta ɗaura, ta ɗan bubbuga goyon, kyamara ta wuce.

"Zinariya ke nan," in ji Hajiya, muryarta ta sauka. "Mahaifiyarka. Ɗan fitinar da ke bayanta kuma kai ne."

Hoton mahaifiyarsa ɗaya Mika'ilu ya mallaka a duniya, ɗan ƙarami irin na katin asibiti, ta ɗaure fuska. Bai san tana da wushirya ba. Bai san muryarta ba. Kwana shida tana kan kantarsa kusa da galan ɗin mai. Ya matsa gaban talabijin da gwiwoyinsa, hawaye na zuba bai share ba.

"Baba," ya ce, "don Allah a mayar da shi baya."

Malam ya ɗauki rimot yana lalube, don bai san inda madannin yake ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Shekara ashirin da biyar," in ji shi, "kowa cewa yake a tura gaba."

Sau bakwai aka mayar. A na huɗu Rauda ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya kore ta. A na biyar wani abu ya faɗa mini a ido, na fita waje amsa wayar da ba a kira ba, ban dawo ba sai da na ji ana salati ruwa ya zo a fim ɗin. Mika'ilu ya kalli awa ukun har sunayen ƙarshe, kuma ko jumla ɗaya daga cikin nawa bai ƙara faɗa ba. Kafin la'asar Malam ya ce ya turo magabatansa.

Tsame hannu

Yanzu duk Asabar Mika'ilu yana kawo janareta zauren Malam, 'yan unguwa suna cika shi maƙil, har daga Hanwa ake zuwa. Wannan yana neman kakarsa a layin, waccan tana neman kanta kafin ta yi jiki, kowa na ce wa Malam a mayar baya, shi kuwa ya ƙware da madannin. Ni ne abin ya shafa, don a gaban matata Malam ya tambaye ni wace ce ta fara tarar ruwa a ƙarshe, na ce shirun da ke cikinsa ya fi maganar yawa, yau kwana huɗu ke nan ina cin tuwo ba a yi mini sannu ba.

Saboda haka ka shaida, ni Nagoda babu hannuna a duk abin da ya same ka. In an kore ka, kai ka zaƙe. In ka zagi surukarka a kan kwali, bakinka ne. In kuma tsoho ya riƙe jaka bai saki da wuri ba, ya ce maka "kai musamman", to ka yaga takardar nan, ka zo ka ari na'urata. Zan ba ka.