Mato Ya Ce A Kashe Mai Gadi

"...to ya tsufa, ya ragowar haƙoran?"

"Lafiya lau suke. Ya naka guda biyun, suna dai gaisawa?"

Mato ke nan, taubashina, ya shigo da hantsi bai jira an amsa sallamarsa ba. Uwarsa, Gwaggo Barakatu, ƙanwar ubana ce. Ni 'yar namiji, shi ɗan mace, kuma tun muna yara a ƙauyen nan na kudu da Sinnar ba mu taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba. Shekararsa saba'in da ɗaya, ina bayansa da biyu. Ya zauna bakin gadon igiya da ke ƙarƙashin rumfa, ya ce in ɗauko masa kwamfutarsa. Na ce ban san ya yi kwamfuta ba, ko a mafarki aka ba shi.

Kwamfutar tawa ce, 'yata Ibtisam ta aiko mini daga Jidda. Abin da ke ciki ne nasa. Shekara uku ya yi yana yawo da wayarsa, daga nan har Dindir da Damazin, yana ɗaukar muryar tsofaffi suna ba da labarin yadda aka taso daga yamma da niyyar hajji aka tsaya a ƙasar nan. Mutum arba'in da ɗaya ya ɗauka. Sha tara sun rasu, har da uwarsa. Duk sanda katin wayar ya cika sai ya kawo in juye, shi kuma ya goge ya sake fita. Ni nake saurare ina bugawa, don na yi shekara ashirin da biyu a kan tafireta a masaƙar Hasahisa. Babu kwafin muryoyin nan a ko'ina sai cikin kwamfutar. Wannan sakacina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ya zaro wani faifai daga aljihu, cikin leda, an yi rubutu a kai da jan alƙalami. Ya ce daga kasuwar Sinnar yake, wurin wani mai rumfa kusa da tashar mota. A cewarsa akwai barnamaj a ciki, wato manhajar da ke wanke murya. Tana cire kukan zakara, ta cire iska, ta cire ƙarar babur, wato injin ban ruwa, ta bar maganar mutum tas. Kwana uku bayan Babbar Salla dangi za su taru, na Hartum da na Gadarif duk za su zo, kuma yana so a sa muryoyin a lasifika. Yaran nan Hausarsu da ma ta ƙanjame, in ji shi, in aka haɗa musu da ƙarar babur ba abin da za su ji. A nan kam ban musa masa ba.

"Sai dai mai rumfar ya ce abu ɗaya," in ji Mato. "Kafin a sa, a kashe wannan antibairos ɗin naki."

"Mai gadin?"

"Shi. Na minti biyar kawai. In an gama a tashe shi."

"Don mi?"

"Ya ce jahili ne, bai san kaya mai kyau ba. Duk baƙon da ya gani sai ya yi masa haushi. Na ce ai na san wata haka."

Na tambaye shi ina mai rumfar ya yi karatu. Ya ce Indiya, shekara bakwai, har Indiyawan suka roƙe shi ya zauna ya ƙi. Na ce wannan rumfar ce dai da ake sayar da maganin ɓera da murfin waya? Ya ce mai ilmi ba ya raina sana'a. Na ce ko ya ga manhajar tana aiki a kwamfutar mai rumfar da idonsa. Ya ce ranar an kai ta gyara.

"Mi ya same ta?"

"Ban tambaya ba. Ni ba ni da bin diddigi irin na tsofaffin mata."

Mato ya yi shekara talatin yana gadin sito na auduga, da sanda da usur. Na tuna masa. Na ce da wani ya zo da amalanke a rufe da buhu, ya ce malam gafir, wato mai gadi, juya bayanka minti biyar in shige, da ya juya? Ya ce shi ba a taɓa shigewa a gabansa ba, ɓarayi daga Madani suke jin sunansa su sauya hanya. Na ce ai gaskiya ne, sun san ba sai sun roƙe shi ya juya baya ba, yana kwance. Na ce shi ne gafir ɗin da aka zare wa tabarma yana kai. Ya ce aron ta ya bayar. Ya ce ni kuma shekara ashirin da biyu ina buga takarda da yatsa biyu kamar kaza tana tsince gero, shi ya sa masaƙar ta mutu.

Na ce to mu sa faifan da mai gadin a tsaye, mu ji ta bakinsa. Na ɗauko kwamfutar, na kunna, na tura faifan. Ya yi ta juyi yana gurnani. Can sai ga jan akwati ya fito a fuskar kwamfutar, da ƙara.

"Kin ji ko, yana masa marhaba," in ji Mato.

"Ya ce akwai wani abu ɓoye a ciki, ya kama shi ya tsare."

"Ina kika iya Turancin?"

"A makarantar da kake tsayawa bakin ƙofa kana sayar da rake."

Na yi masa bayani kamar yadda Ibtisam ta yi mini. Mai gadin yakan yi kuskure, ban ɓoye masa ba. Ya taɓa yi wa faifan injin buga takardata haushi, amma wannan a kwalinsa ya zo, daga masu ƙera injin, da sunansu a jiki. Wannan na Mato ba a san ubansa ba. In ya shiga ya ci muryoyin, ko ya kulle su, ba wanda za a kama, kuma ba inda za a je a sake ɗauko mutum sha tara daga maƙabarta su maimaita.

Ya saurare ni har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce wallahi na iya, da a rediyo nake da an ba ni lambar girma.

A nan na gane matsalar. Shekara sittin da ɗoriya duk abin da na gaya wa mutumin nan wasa ne. Bara da rani na aika masa cewa shanun Larabawa sun shiga gonarsa, ya fita da tsakar rana babu hula, ya tarar da gonar lafiya. Na taɓa sa shi ya yi wanka ya sa farar jallabiya ya tafi ɗaurin auren da babu shi. Yanzu ina gaya masa gaskiya, ba shi da hanyar da zai bambance.

"Mato, ba wasa nake ba."

"Ranar shanun ma haka kika ɗaure fuska."

"Yau daban ne."

"Ranar ma kin ce daban ne."

Ya miƙa hannu ya rufe kwamfutar, ya zare waya daga bango, ya naɗe, ya sa duka a hammata. Ya ce, "Na ɗauka."

Wanda bai san al'adarmu ba zai ce ƙwace ne. A wurinmu ɗan mace in ya shiga gidan kawunsa ya ɗauki abu ya ce ya ɗauka, ba a fizgewa, ba a kai ƙara, ba a fushi. Sai dai a fanshe shi da abin da ya yarda. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma za a yi ta ba da labarinsa a wurin suna da biki har ya mutu. Mato ya ɗauki zakarana haka, ya ɗauki turmi, ya taɓa ɗaukar rediyon marigayi mijina ana tsakiyar labarai. Ban taɓa damuwa ba. Yau kam na damu. Ya ce motar azahar zai bi, ya kai wa ɗan Indiya ya yi aikin da hannunsa, tun da ni hassada ta hana ni.

Na yi masa tayin fansa. Na ce kaza. Ya ce kajina ƙashi ne da gashi. Na ce kwanon kisra, wainar dawa ta ƙasar nan, da miyar kuɓewa har kwana bakwai. Ya ce yana son ransa. Ya riga ya sa ƙafa ɗaya cikin takalmi.

Sai na ce ba sai ya sha rana ba. Ya zauna, ni da kaina zan nuna masa inda ake kashe mai gadin, shi ya danna da yatsansa. Fansata ke nan. Sharaɗina ɗaya ne, kafin a wanke kaya a duba abin da za a wanke. Ya dube ni yana neman tarkon, bai gani ba. Ya zauna, ya ɗora kwamfutar a cinyarsa, bai sake ta ba.

Na buɗe lamba sha bakwai.

Babur ne ya fara, tuf tuf tuf, daga bakin kogi. Sai tari. Sai muryar Gwaggo Barakatu, siririya, tana cewa ita ba ta tuna garin da suka taso ba, abin da ta tuna shi ne Junaina, inda uwarta ta sayar da munduwarta aka sayi jaki. Ta tsaya. Ta ce, "Mato, tahi ka ce su kashe babur ɗin ga, ban jin kaina."

Sai ga muryar Mato, garau, kusa da wayar. "Ci gaba, Inna. Wayar zamani ce, mai shagon ya ce tana tace ƙara da kanta."

"Mai shagon ya ce," in ji Gwaggo. "Wanga ɗa nawa, ko jaki aka nuna mai aka ce doki na, sai ya nemo sirdi. Asabe, in kin zo nan ki rubuta, kar ki tsallake."

Asaben ni ce. Ta koma kan labarinta, yadda suka yi damina biyu a hanya suna noma gonar mutane, yadda ƙaninta ya rasu aka binne shi gindin wata aduwa suka wuce. Babur ɗin bai tsaya ba. Ana jin ta duk da haka, in an kasa kunne.

Mato bai taɓa sauraren wannan ba tun da ta rasu. Na sani, don duk sanda ya zo yakan ce in sa na Damazin ko na Dindir, ya tsallake sha bakwai. Na tsayar da muryar, na kai kibiyar kan wurin da ake kashe mai gadin, na juya masa fuskar.

"Ga shi nan. Danna sau ɗaya. Uwarka ce, ba tawa ba."

Ya ɗaga yatsa. Ya riƙe shi a sama har na fara jin tausayin kafaɗarsa. Ya tambaya, in abin ya ci, ita ma zai ci? Na ce ba ya zaɓe. Ya ce babu wani wuri da take? Na ce babu. Ya sauke hannun, ya share shi a jikin jallabiyarsa kamar ya taɓa abu mai zafi.

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na zaci kuka ne, na shirya tashi in ba shi wuri. Dariya ce.

"Sirdi," in ji shi. "Kin rubuta?"

"Shafi na huɗu."

"Goge."

"Ita ta ce kar in tsallake. Je ka gaya mata."

Ya danna ya fitar da faifan da kansa, ya mai da shi leda, ya ce a bar mai gadin ya yi aikinsa, ga alama ya fi wasu gafirai. Na ce ya fi ɗaya dai da na sani. Ya ajiye kwamfutar a kan gadon, kusa da ni, ya ce ya saki. Ya tambaya to yaran fa, da ƙarar babur. Na ce cikin ƙarar aka haife su, ba baƙuwarsu ba ce, kuma zan buga musu takardun su bi da ido. Na ce gobe da safe shi zai koma Sinnar ya sayo abin juye kwafi guda biyu, sababbi a kwalinsu, ba a rumfar ɗan Indiya ba. Bai musa ba. A shekara sittin ban taɓa ganin haka ba.

Ya tsaya bakin ƙofa yana lalube a aljihun gefe. Ya fito da ƙullin bunnu, wato gahawa, ɗanye, irin na Habasha mai kyau, wanda na san matarsa Zainabu ya sayo wa. Ya ajiye mini a cinya. Ya ce a ranar taron ba dole ne a sa duka arba'in da ɗaya ba, mutane za su gaji, ana iya barin sha bakwai sai wata shekara.

Na kwance ƙullin na shinshina. Bunnu ne na gaske. Na ɗaure shi a bakin mayafina, na yi masa godiya, na ce Allah ya ƙara buɗi.

"To an bar ta ke nan?"

"Da ita za a buɗe."