Ƙorafi Ga Rana Kan Hayaƙin Kawu Mitwalli

Zuwa ga Mai Girma Rana, uwar haske, wadda ba ta taɓa makara a bakin aiki ba.

Bayan gaisuwa da fatan kin fito lafiya. Ranki ya daɗe, ni ne yayan Nagat, yarinyar nan mai ciwon asma da kike gani zaune a kan soronmu tana neman numfashi, nan ƙauyenmu na Sharkiyya. Na zo da kuka, kuma da ladabi na zo.

Na ɗaya. Kin sani duk bayan girbi kawunmu Mitwalli yana cinna wa karan shinkafarsa wuta da sassafe, lokacin da hazo mai laima ya rufe gonaki. Da na yi magana sai ya ce, "Kai ɗan boko ba makaranta, hazon ne ke wanke hayaƙin! Sha shayinka." Mahaifiyarmu ta ce in na sake ɗaga wa wanta murya in nemi wata uwar. To, na bar shi. Shi jahilci ne. Ke fa?

Na biyu. Na sayi wani tsohon littafi a tashar jirgin ƙasa, marar bango, na karanta abin da kike yi. Ashe hayaƙin narkewa yake cikin ɗigon ruwan hazo, ke kuma ki fito ki hau dafa shi a ciki. Da fari ya ƙara duhu, sannan ki koɗar da shi kamar tsohuwar riga. Ruwan ya bushe, ƙwayoyin hayaƙin su yi zamansu a iska, sun sauya kama, ido ba ya ganinsu sosai. Wannan tsafta ce, ranki ya daɗe, ko ɓoye shaida?

Na uku, kuma nan ne raina ya ɓaci. Sau huɗu ina kai ƙarar Kawu ofishin kula da muhalli. Jami'insu ba ya isowa gonar sai ya ci wakensa da burodi, sha ɗaya ta gota. Ya ɗaga kai, ya ga kin gama aikinki tas, ya ce, "Ina hayaƙin, malam? Ni iskar nan ma daɗi take min." Kawu ya ba shi kujera. Ni aka mayar maƙaryaci, Nagat kuwa tana ɗaki ƙirjinta yana ƙara kamar butar shayi a kan wuta.

Ba na ce ki daina fitowa ba, wa ya isa? Roƙona ranar Talata, da jami'in zai sake zuwa, ki ɗan jinkirta girkin, ki bar hayaƙin da launinsa har jami'in ya gama karin kumallo. In hakan ya fi ƙarfin martabarki, ba komai. Zan ɗauko Nagat in zaunar da ita a gaban teburinsa ta yi tarinta har a tashi aiki. Sai mu ga yadda za ki koɗar da wannan.

Naki mai biyayya, wanda ko kallon idonki bai isa ya yi ba,
Ragab Shahata