Idon Haladu da Katin Inshora

Haladu maƙwabcina ne, shekararsa goma sha huɗu yana jan motar ma'aikata a wata ma'aikatar gwamnati a nan Gusau. Tuƙi kam ya iya, ba mai ja da shi. Sai dai tun bara ido ya fara yi masa gardama, shi kuma ya kafe wai hasken rana ne. Ranar da asiri ya tonu, tsayawa ya yi cak a tsakiyar titi yana ta danna wa wata baƙar leda hon, yana jiran ta tsallaka, a zatonsa akuya ce. Mutanen cikin motar suka sauka suka kai ƙara. Shugaban direbobi ya ba shi mako biyu: ko ya dawo da tabarau a fuska, ko ya ajiye makulli ya koma gadin ƙofa.

Haladu bai damu ba, don yana da katin inshorar lafiya ta gwamnati, wadda ake yankar albashinsa dominta duk wata. Bai taɓa amfani da katin ba, yana nan fes cikin leda kamar takardar gida. Har cika mini baki ya yi, wai yau gwamnati za ta san ta haifi ɗa.

Asibitin ido na farko, yarinyar da ke kan tebur ta tarbe shi da fara'a, har da "sannu da zuwa, Alhaji." Tana ganin katin, Alhajin ya koma "Malam," fara'ar kuma ta koma ciki. A na biyu aka ce suna karɓa, amma na'urarsu ba sabis, ya dawo gobe. Ya koma sau uku. Sabis ɗin nan, abin haushi, yana dawowa ne kawai in mai kuɗi a hannu ya shigo. Kwana goma suka tafi a haka, Haladu ya rame, ko gaisuwar kirki ya daina amsawa.

Da ƙyar wani masinja ya yi masa kwatancen wani asibiti a bayan kasuwa. Ya je ranar Laraba, mai ba da kati ya ce 'yan inshora sai Alhamis.

"Ba ka karanta sanarwa ba ne?" in ji shi, yana nuna wata 'yar takarda da aka manna a bango, rubutunta kamar sahun tururuwa.

Haladu ya ce, "Ɗan'uwa, da ina iya karanta wannan, me zai kawo ni wurinku?"

Alhamis ya yi sammako. Masu biya da kuɗinsu suna ciki kan kujeru masu laushi, iska na kaɗa su. 'Yan inshora kuwa benci aka ajiye musu a waje, gefen janareta. Sai bayan la'asar aka kira shi.

Likitan matashi ne, sai ƙamshi yake yi. Ya ɗora wa Haladu wani firam ɗin tabarau mai nauyi a hanci, yana saka gilasai yana cirewa, har aka dace. Haladu ya ce mini wallahi saura kaɗan ya yi hawaye. Ya karanta allon haruffan da ke bango tun daga sama har layin ƙarshe, ya hango har ƙudan da ke jikin labule. Bai gama murna ba likita ya zare firam ɗin, duniya ta koma hazo.

"Kana bukatar tabarau," in ji likita. "Za mu tura bukatarka ofishin inshora. In sun amince za su aiko da lamba, sai mu yanka maka."

"Yaushe lambar za ta zo?"

"Wata uku, in an yi sauri. In kuma za ka biya da kanka, gobe da safe ka zo ka karɓa."

Ya faɗi kuɗin, Haladu ya ji kamar an ɗora masa buhun gero a ka. Ya kwantar da murya ya ce, "Likita, ka taimaka. Kwana biyu suka rage mini. Ni direba ne, mutane nake ɗauka safe da yamma. In ba tabarau, raba ni da motar za a yi."

Likita ya duba agogo, ya miƙe, ya ɗauki makullin motarsa daga kan tebur. "Haba Malam, ku 'yan inshora kun cika gaggawa. Idon nan bai kai a tayar da hankali ba. Zan rubuta wa ma'aikatarku cewa za ka iya lallaɓawa. Ka dai riƙa tuƙi a hankali."

Haladu ya miƙa hannu. "To madalla. Tunda idon zai iya, kawo makullin in kai ka gida. Ka zauna a gaba."

Likita ya yi wuf ya cusa makullin a aljihu, har da ja da baya. "A'a, a'a, bar shi, na gode. Ina da direba."

Haladu ya mayar da katinsa cikin leda, ya lalubi ƙofa, ya ce, "To Allah ya tsare hanya, likita. Allah ya sa direban naka ba ɗan inshora ba ne."