Ranar da Irmiya Ya Shirya Wankin Ƙafa

Duk wanda ya ce bai san Ɗan'uwa Irmiya ba, to ko dai baƙo ne a Challawa, ko kuma kunnensa ne ke da matsala. Shi ne mai kula da sito a wani kamfanin robobi, shi ne kuma shugaban zumuntar matasa a ikilisiyarsu ta Zawaciki. Wajen tawali'u kuwa, daga Sharaɗa har Bompai babu na biyunsa. Wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa aka ji.

"Ni ba kowa ba ne," haka yake cewa yana gyara wuyan kwat. "Ni tsutsa ce kawai. Sai dai ba kowace tsutsa Ubangiji yake ɗagawa haka ba."

Matasa suka raɗa masa Babbar Tsutsa. A gabansa dai Shugaba suke cewa.

Idan Irmiya yana azumi ba ya gaya wa kowa. Zagaya kamfani kawai yake yi, ofis-ofis, yana roƙon kada a yi masa tayin abinci. Ranar da ba ya azumi kuwa abokan cinsa sun shiga uku, domin shi zai sa albarka. Addu'arsa takan faro daga manomin da ya shuka shinkafar, ta bi ta kan direban da ya kawo ta kasuwa, ta tsaya ta gaida mai manja. Kafin a kai ga Amin, jiniyar komawa aiki ta kaɗa, sai kowa ya tura loma a tsaye.

Ga shi da yafiya, har ta yi masa yawa yana neman inda zai kai. Wata safiya ya tare Malam Gwadabe, direban motar kamfani, ya dafa ƙirji.

"Malam Gwadabe, na yafe muku."

"Ikon Allah! Me na yi maka, Irmiya?"

"Ba sai kun sani ba. Matakin da na kai ke nan a ruhaniya."

Malam Gwadabe ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "To, Allah ya ba da lafiya," ya tada motarsa.

Ana nan sai zaɓen shugabannin matasa ya matso, an sa shi bayan Ista. Irmiya ya fara jin ana raɗe-raɗin sunan Kande, wata yarinya mai aikin ɗaurin alewa a Bompai. Ba ta iya dogon jawabi ba. Abin da ta iya shi ne dubiyar marasa lafiya da bin sawun waɗanda suka daina zuwa sujada. Irmiya bai ji kishi ba ko kaɗan. Tausayin ikilisiya kawai ya hana shi barci.

Sai dabara ta zo masa, wadda ya ce wahayi ne. Ranar Alhamis ta makon Ista zai durƙusa ya wanke ƙafafun matasa, kamar yadda Ubangiji ya yi wa almajiransa. Ya sayi sabuwar roba da farin tawul, ya yi magana da mai ɗaukar hoto. Ranar Lahadi ya miƙe ya yi sanarwa.

"Ƙaunatattu, zan ƙasƙantar da kaina ƙasƙancin da ba a taɓa gani ba a Kumbotso. Amma Allahnmu mai son tsari ne. Kowa ya wanke ƙafarsa tun daga gida, da soso da sabulu, ya yanke farce, ya shafa mai, sannan ya kawo mini in wanke."

Akwai wani saurayi, Dauda, mai aiki a kamfanin jima. Wanda ya san aikin fata ya san warinsa ba ya jin wanka ɗaya. Dauda ya daɗe da daina zuwa coci, tun da ya lura idan ya zauna sai benci ya yi masa faɗi. Kande ce ta yi ta sintiri ɗakinsa har ya yi mata alkawarin zuwa wannan Alhamis ɗin. Da ranar ta zo aka riƙe su a wurin aiki har yamma. Ya ga in ya biya gida za a tashi, sai ya taho kai tsaye da takalmin robarsa, ya raɓe a ƙarshen layi.

Hidima ta fara gwanin sha'awa. Irmiya ya durƙusa a kan matashin kujera, yana ɗiga ruwa da kan yatsu a ƙafafun da ke ƙamshin man shafawa. Kowace ƙafa sai ya karkato fuska wajen mai hoto, ya lumshe ido. Mawaƙa na rera waƙa a hankali. A ransa yana jin zaɓe ya gama kyau.

Har layi ya kawo kan Dauda, ya zare takalmi.

Irmiya ya ja da baya, da shi da matashinsa. Ya miƙe, ya yi gyaran murya ta hanci.

"Ƙaunatattu, yanzun nan Ruhu ya tsawata mini. Ya ce, Irmiya, kana so ka kwashe ladan tawali'u kai kaɗai? Ina rabon na baya? Saboda haka a nan zan dakata. Ɗan'uwan nan kuma ya koyi bin sanarwa."

Dauda ya sunkuyar da kai, ya fara mayar da ƙafarsa cikin takalmi. Kande ta yunƙura, ta san idan ya fita yau ba zai sake dawowa ba. Amma Baba Fasto ya riga ta. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, sai da ya dafa benci sannan ya kai ƙasa. Ya janyo robar, ya kama ƙafar Dauda da hannu bibbiyu, ya shiga cuɗawa har tsakanin yatsu, yana tambayarsa lafiyar tsohuwarsa a Kagoro. Ya goge da farin tawul ɗin nan, tawul ya tashi daga fari. Dauda yana share ido da bayan hannu.

Irmiya ya matso kusa don hoto ya same shi, yana gyaɗa kai. "Abin da nake koya musu ke nan kullum, Baba."

"Madalla, ɗana," in ji Baba Fasto. "Ka wanke na mutane, kai ba a wanke maka ba. Zauna. Cire takalmi."

"A'a, Baba! Ni wa? Ban isa ba, ban cancanta ba!"

Ya sha faɗin wannan magana a rayuwarsa, amma ranar ce ya fara faɗinta har zuci. Sanarwar da ya yi, don jama'a ya yi ta. Bai taɓa kawo wa ransa nasa takalmin zai bar ƙafarsa ba. Ga zafin bazara, ga takalmi sau-ciki tun safe, ga safar da hidimar ruhaniya ta hana shi wankewa tun farkon mako.

Baba Fasto bai tashi ba, matasa kuma suka ɗauki tafi. Babu hanyar gudu. Irmiya ya zauna, ya kwance igiya a hankali kamar mai jiran a kawo ɗauki. Takalmi ya fita. Babban yatsa ya leƙo ta hudar safa, ya gaida ikilisiya. Abin da ya biyo baya ya sa mawaƙa suka rasa baitin da suke kai. Mai hoto ya koma bakin taga.

Baba Fasto ya yi ta maza, ya ɗago kai ya ce, "Kande, 'yata, canjo ruwa. Ki haɗo da sabulun wanki."

Dauda, da ke zaune kusa, ya leƙo ya duba ƙafar da idon wanda ya san aikin fata. Cikin ladabi, da zuciya ɗaya, ya ce, "Baba, kada ku wahalar da kanku. Irin wannan, a wurinmu jiƙa ta ake yi ta kwana."