Sirrin Bayan Rumbu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Inna ta tona mini asiri, ita da ko sunana ta daina riƙewa.

Gigin tsufa ne ya kama mahaifiyata, ni nake jinyarta a Lambara. Ni ce wanka, ni ce ba ta abinci a baki, ni ce bin ta fadama in ta fita neman Baba, wanda ya daɗe a kabari. Kowa ya san Allah bai yi ni da raki ba. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da jika a goye, wa zai ce na gaji?

Sai wata malamar asibiti a Bodinga ta ce tana tara masu jinyar irin su Inna, a zauna a yi magana. Ba allura, ba ƙwaya, magana kawai. Na ce to, bari in je in ba ragwaye shawara. Na kuma ɗauki Inna (wa ya taɓa zuwa asibiti ya bar majinyaci a gida?). Ashe ni kaɗai na yi wannan wayon.

Wata mata daga Dingyadi ta fara, ta ce wani lokaci ji take kamar ta gudu. Ban bari ta dire ba.

"Haba baiwar Allah, uwa ce fa. Ni da kike gani, ko ɗigon hawaye ban taɓa zubarwa ba. Haƙuri akan yi."

Malama ta dube ni. "To Yaya, ke in abin ya yi nauyi, wa kike gaya wa?"

"Allah kaɗai."

"Da akuya," in ji Inna.

Matar da tun safe ba ta ce uffan ba. Ta gyara lulluɓi, ta fuskanci malama.

"Ku taimaki ɗiyar ga. Kullum tana bayan rumbu, ta riƙe kunnen akuya tana kuka, wai uwatta ta mance ta. Wace irin uwa ce wagga? Da na san gidansu, da na tai na yi mata faɗa."

Na buɗe baki in ce gigi ne, kada a biye mata, sai kuka ya riga maganar fitowa. Ba kuma kukan mutunci ba, mai majina da shessheƙa. Matar Dingyadin da na gama yi wa wa'azi, ita ta miƙo mini bakin mayafinta. Inna kuwa tana bubbuga bayana: "Yi shiru, ɗiyar mutane."

Yanzu duk ranar zama ni nake fara isa. Inna ina barin ta wurin ƙanwata (roƙon taimako ma aji ne, a makare na shige shi kamar na yaƙi da jahilci).

Na dai koyi kai kukana wurin mai amsawa, don akuyar nan duk sauraronta, bakin zanena kawai take ci. Kuma ban ƙara cika baki gaban mai mantuwa ba. Ba ka san abin da ta zaɓa ta riƙe ba.